Taku Talatin da Ɗaya a Gefen Hanyar Dori

Ranar da na cika wata biyu a Lome ba ni da katin shaida, ba ni da kuɗin mota, ba ni da ko lambar mutumin da ya cuce ni. Bakina kaɗai ya rage mani. Habu sunana, amma daga Mairuwa har Sheme in ba ka ce Habu Rediyo ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Aji biyu na yi a sakandare na ce ma boko ta ɗan jira ni ina zuwa. Har yau tana can tana jira.

Acaɓa nike yi a gida. Da 'yan bindiga suka matsa mana, aka hana hawan mashin, aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, kasuwa ta kwanta. Mai faci ya tashi, mai shayi ya bi shi, mai tuwon bakin titi ta kife tukunya ta koma gidan ɗanta a Funtuwa. Sai aka ce mani a Lome akwai tashar jiragen ruwa, kaya na sauka ba tsayawa, duk mai kafaɗa zai samu dako. Na je.

Aikin akwai shi, ba ƙarya aka yi mani ba. Shiga tashar ce sai da takarda. A Zango na haɗu da wani mai farar shadda, turarenshi na riga shi isowa. Yana jin Hausata ya dafa ƙirji.

"Kai ɗan gida ne! Ni ɗan Funtuwa ne, nan bayan tasha aka haife ni."

Har sunan mai tsiren bakin kasuwa ya faɗa mani. Ya ce in kawo katina da hoto da ɗan abin shan ruwan ma'aikata, gobe da hantsi in zo in amshi takarda. Gobe da hantsi na zo. Mu bakwai muka zo. Wannan ya ce mashi shi ɗan Sakkwato ne, wancan ya ce mashi ɗan Damagaram ne. Mutum ɗaya, gari bakwai suka haife shi.

Ni da nike damfarar fasinja da canji a Sheme, ni aka yi ma haka. Kunya ta fi yunwa cina. Daga ranar in na hango kaki sai in shige lungu. Abu ɗaya kawai nike so: in isa Maraɗi da raina. Daga Maraɗi ko da ƙafa na san hanyar Jibiya, daga Jibiya kuma gida ne.

A garejin manyan motoci na ga wani tsoho zaune kan tabarma ƙarƙashin tirela yana jan carbi, fuskarshi cike da zane tun daga bakin leɓe har kunne. Bagobiri. Mu Katsinawa wasa ke tsakaninmu da su tun kakanni, ko kuka kake in ka ga Bagobiri sai ka tsaya ka tsokane shi sannan ka ci gaba.

Na ce, "Sannu Baba. Wanda ya yi maka wannan aika-aika a fuska, an kama shi kuwa?"

Bai ko ɗago ba. "Bakatsine ne kai."

"Ya aka yi ka sani?"

"Yunwa na kashe ka, bakinka bai samu labari ba. Zauna, bawana, ga gari da suga."

Baba Illo kenan, mutumin Tibiri. Shinkafa ya ɗauko zai kai Maraɗi. Ya ce da can ta Kwatano suke bi, su haura Gaya, kwana kaɗan sun isa. Da aka rufe waccan iyakar sai kaya suka juyo Lome, dole a ratsa Burkina, a jira sojoji su raka ayari ta cikin dajin da mutanen daji ke riƙe da shi. Yaron motarshi, wanda suke kira aparanti, ya yi tafiya ɗaya ya ce uwarshi ta rantse za ta tsine mashi in ya ƙara.

Na ce, "Baba, ba ni da kati."

"Awo, na sani. Mai kati da hankali ba shi bin wagga hanya."

Ya kai ni wajen 'yan ƙungiyar direbobi aka yi mani wata 'yar takarda mai hoto, wai ni aparantinshi ne. Da muka fito ya tsaya ya kalle ni, wasa ya bar fuskarshi.

"Wagga takarda tana aiki har garin Kaya, can cikin Burkina. Daga Kaya zuwa Tera, in soja ya yi shakkarka kuma ba ka da katin ƙasarku, ɗan leƙen asiri za ya ɗauke ka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Na ma yi dariya.

Hanyar Togo ta ba ni haushi don kyau. Kowane gari muka ratsa, Sokode, Kara, Dapawon, sababbin shaguna ake ginawa, masu walda na ta tartsatsi, mata na bin tagar mota da doya da ayaba, gidan mai na kallon gidan mai. Duk motocin da suka bar waccan hanyar nan suka zubo, kowace kuma sai ta ci, ta sha, ta yi faci. Na riƙa tuna rumfunan Sheme da awaki ke kwana a ciki.

Kafin Kara akwai wani dutse da hanya ke hawa tana lanƙwasa. Nan na fara sanin aikina. In mota ta ƙi ja, in diro da guntun icen tokare taya in cusa a baya kafin ta zame. Ina cusawa ina hango gawarwakin tireloli can ƙasa cikin kwazazzabo, tayoyinsu sama. Na dawo ciki ina ta salati.

Baba Illo ya ce, "Tsoro kaka ji? Wanga ai wurin shan iska ne."

A Sinkase, bakin iyaka, na yi kamar kurma. Baba ya shiga ofis ya fito, ya shiga wani ya fito, ni ina goge madubin da ya riga ya goge. Muka wuce Wagadugu ta gefe. Sai Kaya.

Kwana goma sha tara muka yi a Kaya muna jiran ayari. Fili ne babba, motoci iya ganinka, har mutum ya ɓata bai gane tashi ba. Gari guda ya tsiro a wurin: masu aski, masu cajin waya, masu wanki, har da mai ɗinkin tafi-da-gidanka. Wajen wata Hajiya Rabi muke cin tuwo. Hausarta ta ba ni mamaki, na ce Hajiya daga ina?

"Daga Gaya, ɗana. Rumfa gare ni bakin gada, shekara da shekaru. Ran da motoci suka daina zuwa na zauna wata uku ina korar ƙuda. Sai na tambaya ina suka koma, aka ce nan. Na ɗaure tukwanena na biyo su."

"In suka bar nan fa?"

"In sake ɗaurewa."

Miyar kukarta ba ta kai ta Innata ba, daddawar ta yi kaɗan, na kuwa gaya mata. Ta ce in koma Innar tawa ta ba ni. Amma kullum sai ta ƙara mani ƙanzo ba tare da na roƙa ba. Da wayarta na kira gida sau ɗaya. Inna ta ce, "Habu, kana dai cin abinci?" Na ce mata ina bakin teku, kifi har ya gundure ni. Ta ce in gode ma Allah da ya fitar da ni daga tashin hankali. Na ce amin, ina kallon wata mota da aka jawo daga hanyar Dori, gilashinta duk huda.

Ranar tafiya da sassafe aka tara mu. Wani babban soja ya yi magana da Faransanci, Baba na juya mani. Ba tsayawa sai an tsayar. Ba sauka, ko fitsari ne a yi a gora. Tayarka ta bi sawun tayar na gabanka. Motar da ta lalace a bar ta, a haye ta baya. Na ƙarshen ya maimaita shi sau biyu: kada ƙafar kowa ta bar kwalta, don mutanen daji na binne bam a gefen hanya.

Hajiya Rabi ta miƙo mani dambu a leda ta taga. Ba ta ce komai ba. Ni ma, abin mamaki, ban ce ba.

Muna barin Kaya duniya ta canza. Kwaltar ma rabi ce, rabi ramuka. Gari na farko da muka ratsa ba kowa. Ƙofofi a buɗe, rumfunan kasuwa ba rufi, ciyawa ta fito a tsakiyar masallaci. Gidan mai ya ƙone, kwanon ya narke ya lanƙwashe. Ga tireloli baƙi ƙirin a gefe, wata har yanzu da buhunan siminti da ruwa ya mayar dutse. Na san irin wannan kama. Haka ƙauyukan bayan Ruwan Godiya suka koma. Na bar gida don kada in ƙara ganin irinta, ga shi na yi tafiyar ƙasa uku na zo na same ta tana jirana.

"Rediyo, batir ya mutu ne?" in ji Baba Illo.

Na ce, "Ina ajiyar caji ne." Muryar ba tawa ba ce.

Wajen hantsi, bayan mun wuce Tuguri, ayari ya tsaya. An fasa wata gada, sai mota ɗaya-ɗaya ke sauka ta ratse ta hau. Muna tsakiya, ba gaba ba baya, daji dama da hagu, ƙaya da jar ƙasa. Baba ya rage wuta. Shiru ya sauko.

Sai na ji mashina.

Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Da yawa, daga bayanmu, suna tahowa tare, ƙarar na haɗuwa kamar ƙudan zuma.

Sai wanda ya zauna wajenmu zai gane wannan. A ƙasarmu in ka ji mashina da yawa sun taho tare, ba ka tambaya, ba ka leƙe, ba ka neman takalmi. Daji kake faɗawa. Mai goyo da goyonta, mai salla ya sallame a guje. Wanda ya tsaya ya tabbatar, shi ake kora gaba zuwa daji ko a bar shi kwance. Sau huɗu ina tsira da haka, sau ɗaya daga gona, sau ɗaya da lomar tuwo a bakina. Ba kai ke yanke shawara ba, ƙafa ke yi, sai daga baya ta sanar da kai.

Ban san na buɗe ƙofa ba. Ban ji saukata ba. Na dai ga ƙaya na wucewa, iska na dukan kunnena.

Harbi biyu, tau, tau, a sama. Da muryar Baba Illo, irin wadda ban taɓa ji ba:

"Habu! Tsaya nan! Kada ka ɗaga ƙahwa! Don Allah kada ka ɗaga!"

Bai ce bawana ba, bai ce Rediyo ba. Wannan ne ya tsayar da ni.

Na juyo da wuya kawai. Mashinan na sojojin rakiya ne, bibbiyu a kan kowane, suna zagayen ayari. Yanzu duk sun tsaya a kan kwalta, bindigogi sun kalle ni. Direbobi sun leƙo ta tagogi. Sannan maganar safe ta faɗo mani. Na duba ƙasa. Kamar taku biyu gabana wata shuɗiyar waya ta leƙo daga cikin ƙasa ta sake nutsewa. Har yau ban sani ba ko bam ne ko tsohuwar wayar rediyon wani ce. Ban kuma so in sani.

Fitsari ya bi ƙafata, ɗumi, har cikin silifa. Ban ji kunya ba. Tsoro nike kada nauyinshi ya tayar da wani abu.

Wani soja dogo, baƙi, ba zai girme ni da yawa ba, ya matso bakin kwalta yana daka tsawa. Baba Illo ya sauko daga mota, hannuwa sama, tsoho da furfura, ya taka ya zo kusa da shi. Shi ma ya karya doka kenan saboda ni.

Baba ya juya mani: "Ya ce wa zaka gaya ma yawanmu? Su wa ke jiranka cikin daji?"

Na ce, "Wallahi ba kowa! Baba gaya mashi ba kowa!"

"Ya ce ina katinka."

Ba ni da shi. Baba ya zaro 'yar takardar ƙungiya daga aljihu ya miƙa. Sojan ya duba gaba ya duba baya, ya yar da ita a kwalta. Ya gyara bindiga a kafaɗa. Na ga ramin bakinta sosai, ƙarami, baƙi. Na fara kalmar shahada, ta tsaya mani a rabi, na sake farowa.

Baba na ta magana da Faransancinshi na tasha, yana nuna ni, yana nuna kanshi, yana dafa ƙirji. Sojan ya katse shi da kalma biyu.

"Ya ce in ba ka da gaskiya mi ya sa ka gudu, in kana da ita mi ya sa ka gudu. Habu, hwaɗi mashi. Ban da wasa."

Na ɗaga murya, tana karyewa. Na ce a garinmu masu kashe mu a kan mashin suke zuwa. Na ce tun ina acaɓa na san ƙarar mashin ɗaya ta ɗan kasuwa ce, ta biyu ta 'yan biki, in ta wuce haka ba a ƙirgawa. Na ce ban ga ko su wane ne ba, ban taɓa tsayawa na gani ba, shi ya sa nike da rai. Ban san mi Baba ya juya ba, mi ya bari. Ya daɗe yana magana.

Sojan ya tsaya yana kallona. Bakin bindigar ya sauka kaɗan, ya koma kallon gwiwata. Ya faɗi wata magana a hankali, ba da tsawa ba, kamar da kanshi yake.

Baba bai juya nan da nan ba. Sai da ya share fuska da hannun riga.

"Ya ce uwatai na sansanin gudun hijira a Kaya. In ya je gaishe ta, daga bakin layi yaka kashe mashin ya tura da hannu. In ba haka ba sai ya iske ta ƙarƙashin gado."

Sojan ya rataye bindiga a baya, ya tsuguna a bakin kwalta, ya kwantar da kai kusa da ƙasa yana hango sawuna. Ya ce in juyo a kan ƙafa ɗaya, in dawo ina sa ƙafa daidai inda na taka da farko. Ba gefe ba, ba kusa ba. Ciki.

Matsalar, da gudu na zo. Sawun mai gudu nesa-nesa yake, kuma kan yatsu ne kawai. Kowane taku sai na buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata, in sauka a kan ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba. Sojan na faɗa, Baba na juyawa. Dama kaɗan. A'a, ka yi yawa. Nan. Na riƙa ƙirgawa don kada hankalina ya gudu ya bar ni. Bakwai. Takwas. Kafin kowane taku sai in ji tafin ƙafata na ƙaiƙayi, kamar ya riga ya san abin da zai same shi.

A na goma sha tara sawu ya ɓace. Wurin tsakuwa ne, ba abin da ya kwanta. Sojan ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, ya girgiza kai. Na tsaya, ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Gaban ayari ya fara motsi, ina jin injuna na tashi ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ba zan iya ba."

"Za ka iya."

"Wallahi ƙafar ta ƙi."

Sai ya canza murya, ya koma ta garejin Lome.

"To zauna nan, mu mun tahi. In na isa Maraɗi in tara mutane in ce na ga Bakatsine ya jiƙe wando gaban sojan wata ƙasa. Har Katsina zan aika a yi shela. Dama kakanninku haka sunka yi gabanmu, gudu da zawo."

Na ce, "Ƙarya kake, tsohon banza mai fuskar taswira."

Na taka. Ba abin da ya faru. Na sake takawa. Na uku na ga sawun silifata a cikin ƙasa, na kusa sumbatar shi.

Talatin da ɗaya, ƙafata ta hau kwalta. Baba Illo ya kwaɗa mani mari har na ga wuta, sannan ya riƙe kaina ya danna a ƙirjinshi, zuciyarshi na bugawa kamar za ta fasa riga. Sojan ya tsinci takardata daga ƙasa, ya kaɗe ƙurar a cinyarshi, ya miƙo mani tare da gorar ruwanshi. Ban san sunanshi ba. Ya hau mashin suka wuce.

Motocin bayanmu duk sun zagaye mu sun tafi. Mun koma wutsiyar ayari, inda ba direban da ke so, don in za a yanka daga nan ake yankewa. Muna sauka ratsen gadar na jawo igiyar tamfol daga bayan kujera.

"Baba, ɗaure ni."

"Mi?"

"Za su sake zagayowa. Ni na sani sojoji ne, ƙafar ce ba ta sani ba."

Ya kalle ni, ya riƙe sitiyari da gwiwa, ya ɗaure idon sawuna da ƙarfen ƙarƙashin kujera, irin ɗaurin da ake ma akuya ranar kasuwa. Sau huɗu mashinan suka sake wucewa kafin Dori. Sau uku jikina ya zabura ya yi ƙofa, igiya ta fizgo ni. Na huɗu na rufe ido na cusa dambun Hajiya Rabi a baki ina taunawa, ina jin su suna wucewa ta gefen kunnena.

Da la'asar muka shiga Dori. Yara sun fito bakin hanya suna tsalle, mata na guɗa, don rabon garin da ganin motar kaya an daɗe, gishiri ma ya yanke masu. Baba ya sunkuya zai kwance ni, ƙullin ya ƙi, fizgar da na riƙa yi ta ɗame shi. Sai da wuƙa. Wurin ya yi zobe, ya fashe, yana jini.

Daga Dori zuwa Tera ni na ɗaure kaina. Daga Tera zuwa Yamai na riƙe igiyar a hannu kawai.

A Maraɗi 'yan dako suka yanyame motar tun ba ta gama tsayawa ba, 'yan kasuwa na taɓa buhu suna tambayar saura mota nawa a baya. Baba ya raka ni har inda ake hawa motar Jibiya, ya yi magana da direban, ya cusa mani wani abu a aljihu ya ce in na duba a gabanshi zai ƙara mani mari.

"Tahi, bawana, na 'yanta ka. Ka gaida tsohuwa."

Na ce, "Kai fa Baba? Sai Tibiri, a huta?"

"Wace hutawa? Albasa zan ɗauka jibi, Lome suka jiranta."

"Ta wace hanya?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi ina alƙibla.

"Akwai wata ne?"

Na buɗe baki in tsokane shi, na lalubo ko'ina ban samu komai ba. Shi ya cike wurin.

"In ka isa gida ka duba mani ko akwai wani Bakatsinen marar hankali da ke son ganin teku. Amma ka ce ya taho da igiyatai."

Ya juya ya tafi yana ɗingishin direbobi, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallon bayan rigarshi har kwandasta ya ce in shiga ko in ba mutane wuri.